Me Ake Nufi da "Kulawa ta Dogon Lokaci", Kuma Su Wa Ke Ba da Ita?

Kalmar "kulawa ta dogon lokaci" ta daɗe a cikin takardun ma'aikatun lafiya da na kamfanonin inshora, amma sai da annobar korona ta ɓarke a 2020 ta faɗa bakin 'yan jarida. Wanda ya ji ta zai ɗauka jinya ce kawai da ta ja lokaci. Da kama, amma ba ɗaya ba ne. Wanda aka kwantar a asibiti ana yi masa magani ne da fatan ya warke a sallame shi. Ita wannan babu ranar sallama a cikinta. Hidima ce da ake yi wa mutumin da ba ya iya yi wa kansa abubuwan yau da kullum, wata da watanni ko shekara da shekaru, sau da yawa har rai ya yi halinsa. Dattijon da ciwon mantuwa ya kama yana ciki, haka wadda ɓarin jikinta ya shanye, da wanda aka haifa da naƙasa mai tsanani, da matashin da haɗarin mota ya taɓa wa laka.

Akwai ma'aunin da ake gane mai buƙatarta. Wani likita Ba'amurke, Sidney Katz, shi da abokan aikinsa suka fitar da shi a 1963, kuma har yau ana aiki da shi. Abubuwa 6 ake dubawa: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bahaya, da cin abinci. Duk wanda ya kasa wasu daga ciki sai an taimaka masa, to ya shiga sahu. A sake duba jerin nan da kyau. Babu ko ɗaya da za a yi wa mutum daga nesa. Lokacin da ake ta shelar a ba da tazara, mai ɗaga tsoho daga gado numfashinta da nasa a haɗe suke, kuma kafin rana ta faɗi za ta yi wa wasu da yawa haka.

Sai ɗaya rabin kalmar, wato "masu ba da kulawa", kuma a nan ne ake yawan rikicewa. Suna ɗaya ne, mutane iri uku. Akwai gidajen kula da tsofaffi da naƙasassu, na gwamnati ko na ƙungiyoyin jin ƙai ko na 'yan kasuwa. Akwai ma'aikatan da ake biya, na cikin waɗannan gidaje da masu bin mutane gida gida, waɗanda a ƙasashe masu arziki kusan 9 cikin 10 mata ne, da yawansu baƙin haure, albashinsu kuwa hannu baka hannu ƙwarya. Na uku su ne dangi, 'ya ko mata ko miji, masu yin aikin ba ko sisi, kuma su suka fi kowa yawa a duniya. Saboda haka idan aka ji gwamnati ta ce ta tallafa wa masu ba da kulawa, sai a tambaya: wanne daga ciki? Kuɗin da ya shiga asusun kamfani ba lallai ya kai hannun mai wanke gyambon kwanciya ba.

A ƙasashe da yawa ba a lissafa wannan aiki cikin harkar lafiya sosai. Asibiti shi ne mowa, gidan tsofaffi bora. A Ingila magani a asibitin gwamnati kyauta ne, amma kulawa a gidan tsofaffi sai an auna dukiyar mutum tukuna. A Amurka inshorar tsofaffi ta Medicare ba ta biyan zaman dindindin a irin waɗannan gidaje, sai Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi. Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun kafa inshora ta musamman dominta, amma ba kowa ya bi sahunsu ba. To da annoba ta zo, takunkumi da safar hannu da kayan gwaji duk asibiti suka fara nufa.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Ɓarkewar farko mai girma a Amurka a wani gidan tsofaffi ta faru, a garin Kirkland na jihar Washington, a ƙarshen Fabrairun 2020. A watan Maris sojojin Sifaniya da aka tura feshin magani suka tarar da tsofaffi an yi watsi da su, wasu gawa ce a kan gado. A Afrilu daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Turai, Hans Kluge, ya ce kusan rabin waɗanda cutar ta kashe a yankin mazauna gidajen kulawa ne. A Kanada abin ya kai kusan kashi 80 cikin 100 a zagayen farko, har sai da aka tura sojoji su kama aiki a gidajen Quebec da Ontario. Birtaniya kuwa sai ranar 29 ga Afrilu ta fara sa mamatan gidajen tsofaffi cikin adadin da take sanarwa kullum.

Daga nan ne kalmomin "tallafi" da "fafutuka" suka manne wa batun. Tallafi na gaske ba tafi ba ne, ko da yake an sha tafi: duk Alhamis da ƙarfe 8 na dare mutanen Birtaniya kan fito ƙofar gida su tafa wa ma'aikata. Tafi dai ba ya biyan kuɗin haya. Abin da ya fi tasiri shi ne wanda ya taɓa aljihun ma'aikaciya. Wadda ba a biyanta ranar da ta kwanta ciwo za ta zo aiki da zazzaɓinta. Wadda albashin gida ɗaya bai ishe ta ba za ta yi aiki a biyu ko uku, ta kwashi cuta nan ta kai can ba da saninta ba. Lardin British Columbia na Kanada ya gano wannan da wuri. Ya ce kowa ya tsaya a gida ɗaya, ya kuma daidaita albashi don kada dokar ta zama hukunci a kan talaka. Ontario ta ƙara wa ma'aikata dalar Kanada 4 a kowace awa na ɗan lokaci. Ingila ta ware fam miliyan 600 a watan Mayu, wani ɓangare don biyan cikakken albashin wanda ya killace kansa. Amurka ma a watan ta raba wa gidajen dala biliyan 4.9. Da rigakafi ya fito a Disamba, mazauna gidajen da masu kula da su na sahun farko a Ingila da Amurka.

Fafutuka ita ce tsaya wa wanda muryarsa ba ta kai fada. Ƙungiyoyin masu gidajen sun yi ta neman kuɗi da kayan kariya. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su UNISON ta Birtaniya da SEIU ta Amurka sun nemi hutun ciwo da albashi. Ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba, domin mai gida da ma'aikaci kowa da inda ke masa ƙaiƙayi. Dangi kuma nasu yaƙin daban ne. An rufe ƙofa an hana ziyara, alhali 'yar da ke zuwa kullum ta ba mahaifiyarta abinci a baki aiki take yi, ba yawon gaisuwa ba. Da matsin lambarsu ne wurare kamar Ontario da Ingila suka amince a ware ɗan uwa a matsayin mai kulawa na dole, a gwada shi, a bar shi ya shiga.

Wata fafutukar sai da ta kai gaban alƙali. Tsakanin tsakiyar Maris da tsakiyar Afrilun 2020, an sallami kimanin mutum 25,000 daga asibitocin Ingila zuwa gidajen tsofaffi, a lokacin da ba a wajabta gwada kowa ba, don a samar wa masu korona gadaje. Wasu mata biyu da iyayensu maza suka rasu a irin waɗannan gidaje suka maka gwamnati a kotu. A watan Afrilun 2022 Babbar Kotu ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa doka, saboda ba a yi la'akari da cewa wanda bai nuna alamar ciwo ba zai iya yaɗa shi ga tsofaffin da ya tarar.