Himmar yaro da jarabawa: tambayoyin da kuke ta maimaita mani

Ina koyar da darasin yamma ga masu shirin JAMB da WAEC nan Sakkwato, kuma ko wace shekara tambayoyin iyaye ba su canzawa. Bari in amsa su gaba ɗaya.

Malam, himma kaɗai tana sa yaro ya ci?

A'a. Wanda bai iya lissafi ba, himma ba ta koya mishi ranar jarabawa. Amma wanda ya iya, rashin himma na kada shi.

Ya faɗi mok ɗin JAMB, wato jarabawar gwajin da ake yi kafin ta ainihi, shi ke nan?

Ku kwantar da hankali. Makin mok bai shiga sakamako, yaran kuma sun sani, shi ya sa wasu ke danna amsa kawai su fito. Ku tambaye shi minti nawa ya yi ciki.

In yi mishi alkawarin waya ko mashin in ya ci?

To, nan akwai magana. Alkawari na iya aiki, amma ya danganta da abin da anka ɗora shi kai. In kun ce "kawo 300 cikin 400" alhali yaron 170 yake samu a gwaji, kun kashe mishi gwiwa tun ba a fara ba, wani ma satar amsa za ya nema, wani kuma da wayar ta shigo hannu karatu ya ƙare don dama ba don karatun yake yi ba. Ni na fi son a ɗora kan abin da ke hannunshi, kamar kammala tsoffin tambayoyin shekara guda ko wane mako, kyautar kuma ta zam ƙarama. Duk da haka yara sun bambanta, wani cewar baba "na gani, madalla" ta fi mishi waya. Kuma don Allah in kun yi alkawari ku cika.

Faɗa da bulala fa?

Haba jama'a! A JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, daƙiƙa 40 ke nan ga ko wace, ga zafin Afrilu na garin ga, sannan ku ƙara mishi tsoro? Mai fargaba ko abin da ya haddace ɓace mishi yake.

Ɗiyata ta ce mi amfanin wahala tunda ba a barinta ta ci gaba?

Tambayar ga taku ce, ba tata ba. Ku zaunar da ita ku faɗa mata in ta samu kiredit 5 har da Turanci da lissafi, ta kuma kawo makin da ake so, za ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Shehu Shagari. In da gaske kuke, za ku gani a littafinta.