Waiwaye: Yadda kyautar Goya ta zama dandalin 'yan fim na Sifaniya

Kyautar Goya, wadda ita ce lambar yabo mafi daraja a harkar fina-finan ƙasar Sifaniya, ta samo asali ne daga wani zama da wasu daraktoci da furodusoshi da 'yan wasa suka yi a birnin Madrid a watan Nuwamban 1985, shekaru goma bayan mutuwar Janar Franco, wanda a zamanin mulkinsa babu fim ɗin da ke fita sai hukumar tacewa ta amince da shi. Daga wannan zama aka kafa ƙungiyar masu sana'ar fim ta ƙasa a 1986, sannan aka yi bikin farko a watan Maris na 1987, a gidan wasan Lope de Vega, inda fim ɗin Fernando Fernán Gómez ya zo na ɗaya.

An raɗa wa kyautar sunan fitaccen mai zanen nan Francisco de Goya, kuma abin da ake miƙa wa gwarzo shi ne siffar kansa da aka ƙera da tagulla.

Tun da aka fara, bikin bai taɓa tsayawa kan raba kyaututtuka kaɗai ba, kuma a nan tarihinsa ya fi ɗaukar hankali. A 2003, lokacin da gwamnatin José María Aznar ke mara wa Amurka baya kan shirin yaƙin Iraƙi, da yawa daga cikin waɗanda suka hau dandamali sun yi amfani da damar suka bayyana adawarsu da yaƙin, ana kuma nuna su kai tsaye a gidan talabijin na gwamnati, lamarin da ya ɓata wa mahukunta rai matuƙa. Cikin gida ma bai tsira ba, domin Pedro Almodóvar, daraktan Sifaniya da duniya ta fi sani, ya fice daga ƙungiyar a 2005 saboda rashin gamsuwa da tsarin zaɓe, bai dawo ba sai 2011. A shekarar da ya fice ne fim ɗin Mar adentro ya kwashe kyaututtuka 14, adadin da har yau ba a kai ba.

Batun harshe, wanda ba ƙaramin al'amari ba ne a Sifaniya, shi ma ya shigo, domin a 2011 Pa negre ya zama fim na farko cikin harshen Katalan da ya lashe babbar kyautar. Daga 2019 kuma bikin ya koma yawo tsakanin birane irin su Sevilla da Malaga da Valencia, sannan a Granada a 2025 fina-finai biyu suka yi kunnen doki a matsayi na ɗaya, karon farko a tarihin kyautar.