Masu jinyar korona, don Allah ku daina yi wa kumburarriyar ƙafa tausa

Abin ya yi yawa a ɗakunan jinya, dole a yi magana. Babban mutum ya yi mako guda kwance da cutar korona, zazzaɓi ya sauka, har an fara rage masa oksijin. Sai sharaɓarsa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo kamar tsoka ta ɗaure. Mai jinya ya gani, tausayi ya kama shi, ya ɗauko man zafi ya hau murza. Ba wanda ya gaya wa nas. Can dare ya yi, numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗauki suka, a rasa inda za a sa kai.

'Yan'uwa, mun san ƙauna ce ta sa ku. Amma wannan kumburin sau da yawa gudan jini ne ya daskare a jijiyar da ke can cikin ƙafa. Korona tana sa jini saurin daskarewa, ga kuma kwanciya wuri ɗaya, ga ƙarancin ruwa a jiki. Idan kuka matsa wurin, gudan na iya ɓallewa, ya bi jini ya je ya toshe jijiyar huhu. Wannan yana kashe mutum cikin mintoci. A 2020 likitoci a ƙasar Holan sun bibiyi masu korona 184 a sashen kulawa ta musamman, kashi 31 cikin ɗari suka samu matsalar daskarewar jini, alhali ana yi musu allurar hana jini daskarewa. To ina ga wanda aka haɗa masa da tausa?

Kuma abin haushi, an faɗa, an sake faɗa. Da nas ta juya baya sai a ja bargo a ci gaba da matsawa, wai ai ya ce yana jin daɗi. Jin daɗin minti goma! Ba tausa, ba gashi da ruwan zafi, ba ɗaure ƙafar da tsumma. Ku kira ma'aikaci kawai. Mu ma'aikatan lafiya za mu auna kaurin sharaɓa biyun, santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa. Idan ɗaya ta fi ɗaya da sama da santimita 3, za a tura shi hoton jijiya. Ana iya ɗibar jini a yi gwajin D-dimer, sinadarin da ke ƙaruwa a jini in akwai gudan jini, ko da yake korona ita kanta tana ɗaga shi, don haka hoton ne ke raba gardama.

Sai allurar nan ta fatar ciki da wasunku ke roƙo a daina don tana barin tabo. Enoxaparin ke nan, yawanci miligiram 40 sau ɗaya a rana, likita ya rage idan ƙoda ta yi rauni. Ita ce ke tsinka jinin. Ɗan tabon ba komai ba ne, kuma shi ma kada a murza shi, murzawar ce ke faɗaɗa shi. Wanda ya haura shekara 60, mai ƙiba sosai, mai ciwon daji, mai juna biyu, da wanda ya taɓa samun gudan jini a baya, su ne suka fi bukatar kada a tsallake ko da kwana ɗaya.

Sallama daga asibiti ba ta kawar da haɗarin nan take, makonnin farko a gida sai an sa ido. Wanda aka tabbatar yana da gudan jini zai sha magani aƙalla wata 3, ko da kumburin ya sace a mako na biyu.

A taƙaice, ku riƙe waɗannan:

- Yana kwance ya riƙa lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa, sau 10 zuwa 20 duk awa. Da likita ya ba da izini, a tayar da shi ya taka.
- Ya sha ruwa sosai, sai in an ƙayyade masa.
- Kada a ba shi ibuprofen, diclofenac ko aspirin a kan maganin tsinka jini ba da sanin likita ba.
- Baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa: a sanar nan take.
- Haki kwatsam, sukar ƙirji in ya ja numfashi, tarin jini, bugun zuciya sama da 100 yana zaune, karkacewar baki ko mutuwar hannu ɗaya: a kira nas, in a gida ne a dawo da shi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.

In ƙafar ta kumbura a gida, kada ya tako da ita mai nisa, a ɗauko shi a mota. Kuma a hanya ma, don Allah, kada wani ya sa hannu ya matsa.