Shin sa hannu ɗaya ne ya 'yanta bayin Amurka?

An daɗe ana cewa Shugaba Abraham Lincoln ya 'yanta duk bayin Amurka rana ɗaya, da sanarwarsa ta 1 ga Janairu, 1863. Ba laifin mai faɗa ba ne, haka aka saba taƙaita labarin.

Sanarwar ta fito ne ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, ta shafi jihohin kudu masu tawaye ne kawai, waɗanda suka ɓalle daga ƙasar, kuma ba ta aiki sai inda sojojin gwamnati suka isa. Ba ta taɓa bayin Kentucky, Maryland, Missouri da Delaware ba, domin jihohin ba su ɓalle ba. A garin Galveston na jihar Texas, sai ranar 19 ga Yuni, 1865 sojoji suka yi shelar 'yancin. Gyara na 13 ga kundin tsarin mulki ne ya soke bauta a faɗin ƙasar, a Disambar 1865, lokacin Lincoln yana kabari.

Tantancewa ba wuya. Ka nemi rubutun sanarwar kansa a ɗakin karatu ko intanet, ba shi da tsawo. Za ka ga sunayen jihohin a jere, har da yankunan Louisiana da Virginia da aka ware aka bar su yadda suke.

A taimaka a tura wa 'yan uwa, musamman ɗalibai.