Allon Launi da Samfurin Kayan Ƙawata Cikin Gini

Allon launi da samfuri faffaɗan kwali ne ko katako da mai ƙawata cikin gini yake liƙa wa guntayen fenti, yadi, tayil, katako da ƙarfe, domin wanda ya ba da aiki ya ga yadda za su zauna tare kafin a kashe kuɗin saye. Ya bambanta da allon hotuna da ake nunawa a farkon magana, wanda hotuna ne kawai da ke nuna irin yanayin da ake so. Shi allon samfuri daga baya yake zuwa, kuma duk abin da ke kansa dole ya zama kaya na gaske, mai suna da lamba, wanda za a iya yin odarsa.

Gindin allo da liƙi

An fi amfani da allon soso mai kaurin milimita 5, wato soso mai tauri da aka rufe da takarda gaba da baya. Girman A3, milimita 297 da 420, ya ishi ɗaki ɗaya. Falo babba ko ofis yakan buƙaci A2, milimita 420 da 594. Idan akwai marmara ko tayil masu nauyi, allon soso zai lanƙwashe, don haka sai a koma ga siririn katako, ko a jera samfuran a faranti mai gefe ba tare da liƙi ba. Yadi da takarda ana liƙa su da salatif mai gam fuska biyu, masu nauyi kuma da gam mai zafi. Gam mai sinadarin narkarwa yana cinye soson, ruwan gam kuma yakan ratsa siririn yadi ya bar tabo.

Launin gindin allon kansa yana da tasiri. Masanin sinadarai na Faransa Michel Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris, ya bayyana a 1839 cewa launi yana canzawa a ido gwargwadon abin da ke kusa da shi. Farin gindi mai tsananin haske yakan sa ruwan madara ya yi kamar ya yi datti, baƙi kuma yakan sa komai ya ƙara kaifi. Saboda haka da yawa suna zaɓar ruwan toka mai sauƙi, ko su shafe allon da launin bangon da za a yi.

Jeri da gwargwado

Ana jera samfuran yadda suke a ɗaki: kafet ko tayil a ƙasan allo, bango da labule da kujeru a tsakiya, silin da fitilu a sama. Abubuwan da za su haɗu a ɗaki su taɓa juna a allo. Katakon ƙafar bango ya zauna tsakanin tayil da fenti, yadin matashi ya hau kan yadin kujera.

Mafi yawan allunan da ke yaudarar mai aiki, wato wanda ya ba da aikin, a gwargwado suke yaudararsa. Kamfanoni suna ba da samfuri kusan girma ɗaya, sai a ga guntun jan yadin matashi ya kai girman fentin da zai rufe bango huɗu. Mai kallo sai ya ɗauka ɗakin ja zai rinjaya, ko ya tsorata, ko ya so abin da ba zai samu ba. Gyaran shi ne a yanka kowane samfuri daidai da filin da zai ci. Akwai ƙa'idar da aka saba da ita ta kashi 60, 30 da 10: babban launi ya ɗauki kashi 60, na biyu 30, na ƙawa 10. Mafari ce mai amfani ga mai koyo, amma awon ɗakin ne ke yanke hukunci.

Fenti da haske

Ɗan katin launi na kamfani bai isa ba. Ana shafa ainihin fentin a kan farin kwali mai girman A4 aƙalla, a shafa sau biyu, a bar shi ya bushe sosai, domin ɗanyen fenti ba launinsa ɗaya da busasshe ba. Launi a fili mai faɗi yakan fi ƙarfi a ido fiye da yadda yake a ƙaramin kati. Sheƙi ma sai an nuna shi: launi ɗaya a fenti marar ƙyalli da mai ƙyalli kamar launi biyu ne, kuma mai ƙyalli yana tona duk wani tudu da kwari na filasta.

Ana rubuta launi da lambarsa, ba da suna kaɗai ba. Tsarin RAL ya fara a Jamus a 1927 da launuka 40, akwai NCS na Suwidin, da Pantone na Amurka. Fari ma iri-iri ne: RAL 9010 ya ɗan karkata zuwa ruwan madara, RAL 9016 ya fi shi haske. Kamfanonin fenti da dama suna ba da ma'aunin LRV, daga 0 zuwa 100, mai nuna yawan hasken da launi ke mayarwa. A Birtaniya ana neman bambancin maki 30 tsakanin abubuwa irin su ƙofa da bango a gine-ginen jama'a, domin masu raunin gani su rarrabe su.

Babbar matsala ita ce abubuwa biyu su dace a ƙarƙashin wani haske, su saɓa a ƙarƙashin wani. Dalili kuwa rinin yadi da sinadarin fenti ba iri ɗaya suke mayar da haske ba, ko da ido ya gan su daidai da rana. Kelvin ma'aunin launin haske ne: kwan fitila mai Kelvin 2700 haskensa ya karkata zuwa rawaya, yana raya ja da ruwan ƙasa, yana dusashe shuɗi. Mai 4000 yana tsaka-tsaki. Mai 6500 ya yi kusa da hasken rana. Ruwan toka ya fi kowane launi wannan rikiɗa, yakan koma kore-kore ko shunayya-shunayya. Don haka ana duba allon a ainihin ɗakin, da rana da kuma dare, ƙarƙashin irin fitilar da za a saka, wadda ya kamata ma'aunin CRI ɗinta, mai nuna yadda take fito da ainihin launin abu, ya kai 90. Samfurin daɓe a kwantar da shi ƙasa, na bango a tsayar da shi, tunda haka haske zai same su.

Yadi, katako da sauransu

Ana yanka yadi da almakashi mai haƙora don kada ya zare, ko a naɗe shi a kan kwali. Yadin labule gara a tattare shi a liƙa ta sama kawai, domin a ga saukarsa kuma a taɓa shi. Idan zanen yadin babba ne, guntu ba zai nuna shi ba, sai a haɗa da hoton cikakken zanen. Karammiski da kafet suna canza duhu bisa inda gashinsu ya kwanta, saboda haka ana sa alamar kibiya a baya. Yadin kujera ana rubuta jurewarsa bisa gwajin gogayya na Martindale: jure gogayya wajen sau 20,000 ya ishi zaman gida, wurin jama'a kuma daga 30,000 zuwa sama. Katako da marmara ba su da guntu biyu iri ɗaya, don haka ana nuna mai haske da mai duhu daga cikinsu.

Lakabi da amincewa

Kowane samfuri yana samun ƙaramar lamba, a gefe kuma a rubuta sunan kamfani, lambar kaya, irin sheƙi, da wurin da za a sa shi. Allon kwamfuta yana da saurin gyara da aikawa, sai dai fuskar na'ura da injin buga takarda duk suna canza launi, kuma ba sa nuna laushi ko kaushi, don haka ba a dogara da shi wajen amincewar ƙarshe.

A wajen gabatarwa zaɓi biyu ko uku sun isa. Fiye da haka yakan sa mai aiki ya tsinko daga nan da can har tsarin ya wargaje. Kafin a nuna komai ana tabbatar da cewa kayan suna nan kuma ba a daina yin su ba. Bayan an amince, mai aiki yana sa hannu da kwanan wata, a ajiye kwafi ɗaya nesa da rana don kada ya koɗe. Yadi, tayil da takardar bango suna ɗan bambanta daga rukunin sarrafawa zuwa wani, shi ya sa ake sayen duk abin da ake buƙata daga rukuni ɗaya, da ƙarin wajen kashi 10 na tayil saboda yanka da fashewa, a kuma gwada abin da aka kawo da allon kafin a fara ɗaurawa.