Sunayen yanka a ƙasar Sakkwato: ma'anarsu da yadda yayinsu ke juyawa

Sunan yanka shi ne sunan da ake raɗa wa jariri ranar bakwai, a yanka masa rago da shi. A ƙasar Sakkwato da wuya mutum ya rayu da wannan suna shi kaɗai. Yakan samu na rana, ko na halin da aka haife shi a ciki, ko na alkunya da ake sakaya na yankan da shi, kuma sau da yawa wannan na biyun ne ke bin sa har kabari. Mai son gane yayin sunaye a nan sai ya raba waɗannan biyun, domin tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Sunayen yanka 'yan kaɗan ne, kuma tun jihadin 1804 ba su cika motsi ba. Yayi a sunan kira yake shiga, ya ci zamaninsa ya wuce.

Yadda ake raɗa suna

Da an haihu an wanke jariri, uba ko kaka ko malamin gida yakan yi masa huɗuba: kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, a tauna dabino a ɗan goga masa a dasashi. A gidaje da yawa a nan ake raɗa masa sunan a kunne, amma a ɓoye shi sai ranar taro.

Lissafin kwanakin yana bin mazhabar Malikiyya. Idan an haihu bayan ketowar alfijir, ranar haihuwa ba ta shiga cikin bakwai ɗin, don haka wanda aka haifa Talata da hantsi sunansa Talata mai zuwa. Idan kuwa kafin alfijirin Talatar ne, ana ƙirga ta, suna ya faɗo Litinin. Nan ne aka fi kuskure: a haihu cikin dare, a ɗauka suna sai ranar ta zagayo, a yi yanka a rana ta takwas. Rago ɗaya ya wadatar, namiji aka haifa ko mace, kuma sharuɗɗansa irin na layya ne: kada ya kasance mai ido ɗaya, ko gurgu, ko marar lafiya, ko ramamme ƙwarai. Ana gobe suna ake raba goron gayyata. Bayan sallar asuba a taru a ƙofar gida, uba ko wakilinsa ya gaya wa liman sunan, a yi yanka, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, a raba goro da dabino. Wanzami ya yi askin suna, mai hali ya yi sadaka da azurfa daidai nauyin gashin.

Kafin jihadi da bayansa

Sunayen Musulunci sun riga jihadi zuwa wannan yanki. Kanta na Kabi, wanda ya zauna Surame a ƙarni na 16, Muhammadu ne sunansa, kuma a cikin sarakunan Gobir akwai Yakuba. Amma sunayen da tarihi ya riƙe na sarakunan Alƙalawa, babban birnin Gobir, galibi na gargajiya ne: Babari, Bawa Jan Gwarzo, Nafata, Yunfa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 sai gidan da ake koyi da shi ya canza, sunayen gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zama su ne ma'auni.

Jerin Sarakunan Musulmi ya isa shaida kan ƙanƙantar wannan taska. Daga Shehu zuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006, mutum 20 ne. Bakwai daga cikinsu Muhammadu ne, uku Abubakar, biyu Aliyu, biyu Ahmadu. Sauran shidan su ne Usmanu, Mu'azu, Umaru, Abdurrahman, Hassan da Ibrahim. Sunaye goma ke nan cikin fiye da shekara 200, kuma duk na Annabawa ne ko na sahabbai da iyalan gidan Annabi. Dole a nemi abin rarrabewa, shi ya sa aka san su da Bello, Atiku, Rufa'i, Attahiru, Maiturare, Tambari, Dasuki, Macciɗo, ko a ce Aliyu Babba da Aliyu Ƙarami.

Abin da ke riƙe taskar a ƙunce shi ne mayar da suna. Ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari ta ci na kakarta, sannan a bi malamai da aminai da waɗanda suka rasu a dangi. Sunan da ya shiga gida ba ya fita, sai dai ya tsallake tsara ɗaya ya dawo.

Laƙabin da ya zama suna

Kusan kowane babban suna yana da abokin tafiya. Abubakar shi ne Garba, Buba, Sadiƙu ko Atiku. Na ƙarshen daga laƙabin Sayyidina Abubakar ne, Atiƙ, wato 'yantacce. Umaru shi ne Faruƙu, mai raba gaskiya da ƙarya, ko Sanda. Aliyu shi ne Haidar, wato zaki, ko Garga. Ibrahim Halilu ne ko Iro, Musa Kallamu ne, Yusufu Maitama. A wajen mata A'ishatu ita ce Indo ko Shatu, Hauwa'u Kulu, Fatima Binta, Hadizatu Dije, Zainabu Abu, Maryamu Mairo.

Biyu daga cikin irin waɗannan a Sakkwato aka ƙera su, daga nan suka bazu. Usmanu ya zama Shehu saboda girmama Mujaddadi ɗan Fodiyo, domin mutane ba su son kiran sunan kai tsaye, balle a tsawata wa yaro da shi. Shugaban ƙasa na 1979 zuwa 1983, wanda aka haifa a Shagari a 1925, Usman ne sunansa na yanka, Aliyu sunan mahaifinsa, amma duniya da Shehu Shagari ta san shi. Haka Asma'u ta zama Nana saboda 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita kanta tagwaye aka haife ta da Hassan. A al'ada da Husaina za a kira ta, sai Shehu ya zaɓa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar, sunan kuma ya kama ƙasa.

Muhammadu, saboda yawansa, shi ya fi kowane suna rassa. Gida ɗaya kan yi Muhammadu huɗu ko biyar, sai a bi su da lissafin Larabci: Auwal, wanda a nan aka fi faɗa Lawali, sannan Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru, daga na ɗaya zuwa na goma. Yau lissafin ya ɓace. Ana samun ɗan fari mai suna Sani don kawai ya ci sunan kawunsa, ana samun Ashiru a gidan da 'ya'yansa uku. Buhari ma reshen Muhammadu ne, domin mai Sahihi, mutumin Buhara, Muhammadu ne sunansa. Rufa'i na tafiya da Ahmadu, Jelani da Abdulƙadir. Yawan Jelani da Junaidu a Sakkwato gadon Ƙadiriyya ne, ɗariƙar Shehu, yayin da Tijjani da Inyas suka fi yawa a gidajen 'yan Tijjaniyya.

Akwai kuma rukunin Fulfulde, wanda mutane da yawa ke amsawa ba tare da sun ji harshen ba. Fodiyo malami ne masanin fiƙihu. Bello ana danganta shi da mataimaki. Giɗaɗo, kamar na Waziri Giɗaɗo ɗan Laima mijin Nana Asma'u, abin ƙauna ne. Dikko ɗan fari ne, Sambo mai bi masa. Moɗi gutsuren Modibbo ne.

Sunayen rana, na hali da na wabi

Waɗannan ba a yanka rago da su. Kakanni mata da gwaggwanni ne ke laƙaba su. Na rana sanannu ne: Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe ko Asibi. Na hali sun fi faɗin labari. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Cindo yana da yatsa na shida, Audi an haife shi bayan rasuwar uba, Azumi da Ɗan'azumi cikin Ramalan suka zo, Nomau lokacin noma.

Masu nauyi a cikinsu su ne na wabi, wato na uwar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana. Sai a ba yaro sunan wulaƙanci ko na roƙo, kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai: Ajuji, Ayashe, Barau, Barmani, Bawa. Abin bai tsaya ga talakawa ba. Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, ya yi ta rashin 'ya'ya kafin a haifa masa Muhammadu a 1928, sai aka ƙara wa yaron Macciɗo, wato bawa da Fulfulde. Ya rayu har ya hau gadon a 1996. Wannan rukuni shi ya fi kowanne ja da baya. Wa'azi ya sa ana yi masa kallon camfi, haihuwar asibiti da rigakafi sun rage irin wabin da ke jawo shi, kuma yaran makaranta ba su son a kira su da shi. A birni yau masu amsa Tanko ko Kande galibi dattawa ne.

Juyin ƙarni na 20 zuwa yau

Makarantar boko ta zo da buƙatar suna na biyu a rajista. Malamai suka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa Sardauna Ahmadu Bello aka fara saninsa da Ahmadu Raba, kuma har yau manyan Sakkwato da garuruwa ake kiransu: Bafarawa, Wamakko, Tambuwal.

Sauyin da ya fi zurfi na furuci ne. Hausa takan mayar da harafin nan na Larabci mai kauri, lodi (ض), zuwa l, kamar yadda ta yi a alƙali da alwala da larura. Haka aka samu Murtala, Rilwanu, Falalu, Raliya da Marliya. Sakkwatanci kuma ya ƙara nasa: Ummaru da ninkin m, Isuhu a madadin Yusufu, Hwatima da Mustahwa a bakin tsofaffi. Yaɗuwar makarantun Islamiyya, da yawan zuwa Makka, da wa'azin Izala bayan kafuwarta a 1978, sun sa ana komawa ga furucin Larabci: Ridwan, Mardiyya, Umar, Usman, Khadija, Aisha. Sunan ɗaya ne, riga aka canza masa. Mai lura zai iya kintatar tsarar mutum daga ko Hadizatu take rubutawa ko Khadija.

Rediyo da talabijin ma sun kawo nasu. Murtala ya yawaita bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976. Faisal da Fahad sun biyo sarakunan Saudiyya, Saddam ya biyo yaƙin 1991, Sudais da Shuraim sun biyo ƙira'ar limaman Harami. Irin waɗannan kan tashi da ƙarfi, su kwanta cikin 'yan shekaru.

Alkunya ce babbar ƙofar yayi a yau. Uwa ba ta kiran sunan surukinta ko na ɗan farinta, don haka yaron da ya ci sunan kaka dole a sakaya shi. Da can Abba, Baffa, Magaji, Malami, Inna ko Inno ake cewa. Daga baya Khalifa, Ummi, Walida da Amir suka shigo, yanzu kuma Ihsan, Hanan, Afnan, Aiman, Sultan. Idan ka bincika, Afnan ɗin nan Hauwa'u ce, sunan kakarta aka mayar.

Inda ake samun matsala

Ta farko ta ma'ana ce, idan an zaɓi suna don daɗin sauti. Abdul shi kaɗai guntu ne, ma'anarsa "bawan", ba a faɗi na wa ba. Yanke shi ta ɗaya gefen ya fi muni, domin Razaƙ da Samad da Rahman sunayen Allah ne, ba a kiran mutum da su sai da Abdu a gaba. Abdunnabi malamai ba su yarda da shi ba, tunda bauta ta Allah ce. Asiya iri biyu ce a Larabci: matar Fir'auna mumina, da kuma wata mai harafin aini da sadi, wadda ke nufin mai saɓo, irin sunan da Annabi ya canza zuwa Jamila. Maganin duk wannan shi ne a rubuta sunan da ajami a nuna wa malami tun kafin huɗuba.

Ta biyu ta takardu ce, kuma kai tsaye daga wannan tsari na suna biyu take fitowa. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ce Usman, rajistar firamare ta ce Shehu saboda yayansa ne ya kai shi makaranta, katin ɗan ƙasa ya ce Usmanu. Muhammadu kaɗai yana da rubutu huɗu ko biyar. Da can ba wanda ya damu, amma tun da aka haɗa asusun banki da lambar BVN, JAMB kuma ta wajabta lambar NIN daga 2021, kwamfuta ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Gyara yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, sannan a bi hukuma bayan hukuma. Abin da ya fi sauƙi shi ne uba ya tsayar da rubutu ɗaya tun makon suna, da jeri ɗaya: sunan yanka, sunan uba, sannan na kaka ko na gari. Idan ana son laƙabin ya shiga takarda, a sa shi a tsakiya tun a takardar haihuwa, kuma ita za a riƙa kwafa harafi da harafi ranar sa yaro makaranta.