Waiwaye: Yadda 0.05 ta zama alƙali a binciken zamantakewa

Duk ɗalibin da ya rubuta aikin kammala digiri a fannin ilimi ko zamantakewa ya san lambar nan ta 0.05, iyakar da ake auna lambar p da ita. Lambar p tana nuna yiwuwar samun sakamako irin wanda aka samu ko da babu wani tasiri na gaske. Sakamako ya faɗo ƙasa da ita, a ce an gano wani abu. Ya haura ta, a ce babu komai.

Asalinta daga gona ne. A 1919 masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, yana nazarin bayanan taki da amfanin gona. A littafinsa na 1925 ya ɗauki ɗaya cikin ashirin, wato 0.05, a matsayin iyaka mai sauƙin aiki. A wurinsa, ƙaramar lambar p alama ce cewa lamarin ya cancanci a sake gwada shi.

Jerzy Neyman da Egon Pearson suka kawo nasu tsarin a 1933: mai bincike ya ajiye hasashe biyu, ya tsayar da yawan kuskuren da zai lamunta tun kafin ya tattara bayanai, sannan ya yanke hukunci. Fisher ya ce wannan aikin masu tantance kaya ne a masana'anta. Rigimarsa da Neyman ta fito fili a 1935, kuma ba su shirya ba har Fisher ya rasu a 1962.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Marubutan littattafan koyarwa sun gauraya tsarin biyu, suka fitar da abin da babu ɓangaren da ya amince da shi, mujallu kuma suka mayar da shi sharaɗin buga bincike. Wanda ƙarin girmansa ya rataya a kan 0.05 kuwa zai yi ta juya bayanai har lambar ta fito.

A 2015 asiri ya tonu. An sake gudanar da bincike 100 na halayyar ɗan Adam. 97 daga cikinsu sun faɗo ƙasa da 0.05 a karon farko, a karo na biyu kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka faɗo ƙasa da ita. A 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fito ta ce lambar p ba ta auna gaskiyar hasashe ko girman tasiri. Wasu suka nemi a tsaurara iyakar zuwa 0.005, a 2019 masana sama da 800 suka sa hannu a mujallar Nature cewa a daina raba sakamako gida biyu.

Ni na fi gamsuwa da matakin da mujallar Cortex ta ɗauka a 2013: ta duba tambayar mai bincike da hanyar da zai bi, ta yi alƙawarin bugawa tun kafin a san abin da zai fito.